An Kama Ɗana da Giya a Sabon Gari, Ina Mafita?

TAMBAYA

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a Samaru. Ranar Juma'ar da ta wuce da daddare 'yan sanda suka tare ɗana da abokansa biyu a Sabon Gari suna cikin Keke Napep. Da aka caje su sai aka sami giyar leda huɗu a jakarsa. Shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. Ya rantse mini ajiya aka ba shi, bai sha ba. Ya kwana a caji ofis, aka sa shi ya sa hannu a wata takarda da Turanci, washegari ƙanen babansa ya karɓo belinsa. An ce mu koma da shi mako mai zuwa, wai ƙila a kai su kotu. Wani maƙwabci ya ce mu haɗa kuɗi a kashe maganar, wani kuma ya ce in an je kotu ya amsa laifi kawai a yi masa bulala a gama. Babansa ya ce ba zai taka wurin ba, kuma in an gama gidan mari zai kai shi. Barci ya ƙaurace mini. Za a ɗaure shi? Abin zai hana shi shiga jami'a?

Maman Ummi, Samaru, Zariya

AMSA

Maman Ummi, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Na fahimci abin da ke damunki: yaro ɗan shekara 16 an same shi da giya a jaka, ya kwana a hannun hukuma, ya sa hannu a takardar da bai gama fahimta ba, ga shi ana maganar kotu. Kina tsoron ɗauri da bulala, kina tsoron tabon da zai bi shi, sannan a cikin gidan ma hankali bai kwanta ba.

Ki fara da gode wa Allah da yaron yake gabanki. Mafi wuyar mataki, wato fito da shi daga bayan kanta, an riga an wuce shi. Ledar giya huɗu a hannun ɗan makarantar da ba a taɓa kama shi da komai ba ƙaramar magana ce a ma'aunin doka, kuma irinta da yawa a ofishin DPO ake gama ta ba tare da an je gaban alƙali ba. Kunyar da kike ji ban raina ta ba, domin na san yadda magana ke zagaya layukan Samaru kafin a yi sallar azahar. Amma nauyin kunya daban, haɗarin shari'a daban, kuma haɗarin bai kai yadda tunanin dare yake nuna miki shi ba.

A Amurka, inda dokar 1984 ta sa jihohi suka tsayar da shekara 21 a matsayin shekarun sayen giya, ana iya gurfanar da matashi don kawai an gan shi da kwalba alhali bai kai ba. Can ƙuruciyar ce ke jawo tuhuma. A nan Zariya abin ya sha bamban. Ƙa'idojin lasisin giya, waɗanda tsarin mulki ya danƙa wa ƙananan hukumomi, mai sayarwa suka fi sa wa ido. Ƙuruciyar ɗanki kuwa ita ce babbar kariyarsa, kuma aikin da ke gabanku wannan makon shi ne kada ta kuɓuce masa.

Da biro take kuɓucewa. Ana tambayar yaro shekarunsa yana cikin firgici, ko ya ƙara wa kansa don kada a raina shi, ko mai rubutu ya dubi tsayinsa da ɗan gashin bakinsa ya sa 19. Takarda ta tafi kotu da 19, sai a sa shi layin manya, in an kasa cika sharaɗin beli ya tsinci kansa a gidan yari cikin manya. Duk mun ga abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamba 2024, da aka gurfanar da yaran da aka kama a Kano da Kaduna bayan zanga-zangar watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu bayan kusan wata uku a tsare. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Tuhumarsu ta fi ta ɗanki nauyi nesa ba kusa ba, amma ta nuna irin wahalar da yaro ke sha in aka bi da shi ta hanyar manya.

Saboda haka, yau ɗin nan ki buɗe akwati. Ki nemo takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya. In babu, katin asibitin da aka haife shi ko katin rigakafi, da takardar lambar NIN, da wasiƙar shugaban makarantarsa mai ɗauke da ranar haihuwa kamar yadda take a rajista. Takardar rantsuwar shekaru da aka je aka yi bayan kamu ba ta kai waɗannan ƙarfi ba, domin za a iya cewa don wannan shari'ar aka shirya ta. A yi kwafin kowacce, kwafin za a miƙa, na asali a nuna a dawo da shi gida. Ƙanen babansa ya roƙi ɗan sanda mai bincike ya nuna masa shekarun da aka rubuta, in akwai kuskure a gyara tun takarda ba ta bar ofis ba.

Ga dalilin da ya sa na dage a kan haka. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma jihar Kaduna ta yi tata dokar walwala da kare yara a 2018 bisa wannan tubali. Ita ta jihar ce ke aiki a Zariya, ita lauya zai buɗe a gaban alƙali. Tsarin da dokar 2003 ta shimfiɗa shi ne: in an kama yaro a sanar da iyayensa nan take, tsare shi ya zama mataki na ƙarshe kuma na ɗan lokaci, kada a haɗa shi da manya, shari'arsa a kotun iyali ake yi, ba a bainar jama'a ba, kada a buga sunansa ko hotonsa. Ta hana a ɗaure yaro a gidan yari, ta hana a yanke masa hukuncin duka. Ta kuma ba 'yan sanda da mai gabatar da ƙara ikon gama ƙaramin laifi ta hanyar gargaɗi da nasiha da sa ido, ba tare da an je kotu ba. Wannan ƙofar ta ƙarshe ita za ku fara ƙwanƙwasawa.

Sai tambayar da mutane ke mantawa su yi: da wace doka ake tuhumarsa? Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da aka rubuta a doka, aka kuma rubuta hukuncinsa. Abu yana iya zama haramun a addini, abin kunya a gari, amma kotu sai an nuna mata sashe. Ku tambaya cikin ladabi, ku rubuta lambar sashen da sunan dokar.

Jiharmu tana da dokoki fiye da ɗaya a wannan fanni, kuma tarihi ne ya jawo. Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarnin da ya wuce, mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, kuma tun zamanin Turawa hukuncin giya a can ya bambanta da na cikin birni. Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya ba don magani ba, da wanda ya bugu ya dami jama'a. Kaduna ta sabunta tata Final Kod ɗin a 2017. A gefe guda, bayan rikicin Shari'a na 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta tsara kotunan Shari'a ga Musulmi da kotunan gargajiya, ga kuma na majistare, aka yi dokar laifuka ta Shari'a a 2002. Ɗanki Musulmi ne, don haka takardarsa tana iya zuwa majistare, tana iya zuwa kotun Shari'a. In cikin abokan nasa akwai Kirista, shi kotun Shari'a ba ta hau kansa ba.

Na san bulalar ce ta fi tsaya miki a rai, bari in yi miki bayaninta yadda take. A mazhabar Malikiyya haddin shan giya bulala 80 ne, haka yake a Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Ba ya hawa kan wanda bai balaga ba. Sai dai a fiƙihu da alamomi ake gane balaga, in babu alama sai a jira shekara 18, don haka ɗan 16 yana iya zama baligi a wannan ma'aunin. Abin da ya fi taimakon ɗanki shi ne haddin na sha ne. Ana tabbatar da shi da iƙirarin mutum, ko shaidar adalai biyu da suka ga ya sha ko suka ji warinta a bakinsa. Samun leda a jaka bai kai nan ba, iyakarsa ta'aziri, inda alƙali ke da faɗin hannu har ya tsaya a kan nasiha da tsawatarwa. Malamai sun kuma tabbatar cewa shubuha tana kawar da haddi, kuma wanda ya janye iƙirarinsa ba a tsayar masa da shi. A kowace kotu aka je, lauya ya fara da maganar shekaru da dokar yara ta jiha.

Takardar da ya sa wa hannu ba ta rufe ƙofa ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba wanda aka kama 'yancin yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar Shaida ta 2011 ta ce iƙirarin da aka samu ta hanyar tursasawa kotu ba ta karɓarsa, kuma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta mayar da azabtarwa laifi. Ki zauna da shi a hankali ya gaya miki yadda aka yi: wa ya rubuta, an karanta masa da Hausa, akwai babba nasa a wurin, an taɓa lafiyarsa? Ki rubuta amsoshin tun bai manta ba, ki ba lauya. Daga yanzu kada ya sake sa hannu a komai sai da babba a gefensa.

Shawarar maƙwabcinku na farko, ta haɗa kuɗi, ban yarda da ita ba. Beli kyauta ne, a bangon ofisoshin ma an rubuta. Mai bayar da cin hanci da mai karɓa duk masu laifi ne a doka. Ga shi kuma kuɗin ba ya rufe fayil, yana kwantar da shi ne kawai, ranar da aka ga dama a tashe shi, ba ku da rasit ba ku da shaida. Sannan yaron yana kallo, zai koyi cewa kuɗi na wanke laifi. In wani ya matsa muku, ku nemi ganin DPO da kansa, in abin ya ƙi akwai babban kwamandan yankin Zariya, akwai kuma sashen karɓar koke na rundunar.

Shawara ta biyu ta fi haɗari, ko da yake da kyakkyawar niyya aka ba ku ita. In aka karanta takardar tuhuma yaro ya ce “na amsa”, alƙali yana iya yanke hukunci a zaman nan, kuma wanda ya amsa da bakinsa ɗaukaka ƙara tana yi masa wuya. Ba wanda ya isa ya yi muku alkawarin abin da alƙali zai yanke. In ya ce bai aikata ba, nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara: ya nuna jakar tasa ce, ya san abin da ke ciki, kuma akwai sashen da ya hana. In daga baya lauya ya duba ya ga amsawar ce ta fi, sai a amsa da sani, bayan an tabbatar da shekaru an kuma shirya roƙon sassauci.

Kada rashin kuɗi ya hana ku lauya. Hukumar Legal Aid Council, da aka kafa tun 1976 don marasa hali, tana da ofis a Kaduna. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA tana da reshe a Zariya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke tsayawa kan shari'ar yara, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Mafi kusa da ke, a harabar Kongo, Tsangayar Shari'a ta ABU tana da ofishin ba da shawara kyauta da ɗalibai ke gudanarwa ƙarƙashin kulawar malamansu. Ki je da kwafin takardun kafin ranar komawa.

Ranar komawar ku isa da wuri, yaron cikin kayan makaranta ko shiga ta kamala. Fashin zuwa shi ke jawo wa mai tsayawa matsala, ya kuma ba da dalilin sake kamu. Ku tafi da wasiƙar makaranta da wani dattijo da ake jin maganarsa, mai unguwa ko limami. Abin da za ku roƙa a bayyane yake: tunda yaro ne kuma karo na farko, a yi masa gargaɗi a rubuce, a danƙa shi ga iyayensa ƙarƙashin kulawar jami'in walwalar jama'a, a rufe fayil. Ga sauran masu karatu da nasu yake tsare har yanzu: inda akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, tsarin mulki ya ce cikin kwana ɗaya a kai mutum gabanta, mace tana iya tsaya wa wanda aka kama, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko wa a madadin wanda ake nema. In 'yan sintiri ne suka kama yaro, aikinsu su miƙa shi ga 'yan sanda, ba su da ikon duka ko cin tara.

In duk da haka aka je kotu, ba ƙarshen duniya ba ne. Kotu takan nemi rahoton jami'in walwala a kan gidanku da makarantarsa da halinsa, kuma tana da zaɓi da yawa: ta sallame shi, ta sake shi bisa alkawarin kyautata hali, ta sa a riƙa sa masa ido, ta tura shi wurin masu ba da shawara, ko ta ci tara. Gidan horon matasa na Bostal da ke Kaduna, wanda ake da irinsa a Ilori da Abeokuta, na 'yan 16 zuwa 21 ne, amma bai dace da mai laifin farko irin wannan ba. In hukunci ya fi ƙarfin laifi, a ɗaukaka ƙara da sauri, domin wa'adin gajere ne.

Maganar jami'a kuwa, ki kwantar da hankali. Kamu ba hukunci ba ne, tsarin mulki yana ɗaukar mutum marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Dokar 2003 ta ce bayanan shari'ar yaro sirri ne, ba a buɗe wa kowa, ba a kuma amfani da su a kansa in ya girma. Wannan ma wani dalili ne na tabbatar da an rubuta 16. Abin da na fi ji masa tsoro shi ne waya. In an ɗauki hotonsu aka sa a WhatsApp ko Facebook, lauya ya rubuta a nemi a cire, ku ma 'yan gida ku daina ba da labarin.

Akwai abu ɗaya da zai canza duk lissafin nan. In a jakar akwai wiwi, ko ƙwayar tiramadol, ko maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana tun 2018, magana ta koma hannun NDLEA da Babbar Kotun Tarayya, kuma hukuncin can mai tsanani ne. Ki tambaye shi wannan kai tsaye, ku kuma tabbatar abin da aka rubuta an samu shi ne abin da aka samu.

Yanzu ga maigida, ina roƙon ki karanta masa wannan. Malam, fushinka na uba ne, kuma yana da dalili. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. DPO da alƙali suna duban wanda ya rako yaro. In suka ga uba a tsaye ya ce “ɗana ne, na ɗauki nauyin gyaransa”, hannunsu yakan yi sauƙi. In suka ga kujerar uba babu kowa, sai su fara tunanin ko gidan ya gaza, daga nan ne maganar tsarewa ke shigowa. Gidan mari kuwa ina roƙonka ka janye. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Iyayen da suka kai su gyara suke nema, ba abin da suka samu ke nan ba.

Ke kuma Maman Ummi, zai yiwu gaskiya ya gaya miki, zai yiwu tsoro ne ya sa ya ce ajiya ce. Ko wanne ne, ɗan Samaru da ke Sabon Gari da daddare tare da masu ɗauke da giya yana bukatar a zauna da shi. Ki bari ƙura ta lafa, ki tambaye shi ba tare da ihu ba: tun yaushe, da su wa, ina ake samun kuɗin? Ki lura da barcinsa, da cin abincinsa, da sakamakon makaranta. In kika ga alamar ya fara sabawa, sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Shika yana kusa da ku, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace.

Abin da ke ƙona mini rai a irin wannan shari'a shi ne yara uku sun kwana a bayan kanta, babban da ya miƙa musu ledar ya karɓi kuɗi yana shagonsa. Wannan giyar ta leda arha ce, tana shiga aljihun wando, ga ƙarfi. Shi ya sa NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu sarrafa ta a 2018 cewa za a daina, ta kuma sanar da haramcin leda da ƙananan kwalabe a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni. Ku iyayen yaran uku ku haɗa kai, kada kowa ya tura laifi kan ɗan wani, ku kai ƙorafin mai shagon ga mai unguwa da sakatariyar ƙaramar hukuma a Dogarawa.

In kun dawo daga wurin DPO, ki sake rubuto mini shekarun da kuka tarar a takardar da lambar sashen da aka ambata, sai mu duba mataki na gaba. Allah ya kawo sauƙi.